Kyanwar da Aka Mayar Muzuru: Wasiƙar Mai Karatu da Tarihin Roka

A shekarar 1999, wadda a cikinta hukuma ta tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa a Nijar, wani tambur ya fito ɗauke da sunan ƙasar nan da hoton wata kyanwa. A jikinsa an rubuta Félix. Kafin shi, irinsa ya fito da sunan tsibiran Komoros a 1992, wani kuma da sunan Cadi a 1997, dukansu da wannan suna. Manufar ita ce a karrama dabbar da Faransa ta harba sararin samaniya ranar 18 ga Oktoba 1963, daga sansanin Hammaguir da ke cikin hamadar Aljeriya, a kan wata roka mai suna Véronique. Dabbar ta yi sama fiye da kilomita 150, ta sauko da laima cikin ƙasa da rubu'in awa, kuma aka ɗauko ta da ranta. Sai dai babu wani muzuru Félix da ya taɓa hawa roka. Kyanwoyi goma sha huɗu aka horar domin wannan aiki, dukansu mata, kuma wadda ta tafi ɗin sunanta Félicette.

Yadda kuskuren ya samu shiga abin lura ne ga ɗalibin ilimin harshe. Masu binciken ba su raɗa wa kyanwoyin suna ba, lamba suka ba su, ita wannan C 341. Da ta dawo, ƴan jarida suka laƙaba mata Félix, sunan wani muzuru na zanen barkwanci da kowa ya sani a lokacin. Masu binciken suka gyara sunan zuwa siffar tamace, amma na farkon ya riga ya yi gaba. Daga baya ma aka ƙaga wani labari domin a daidaita sunayen biyu, wai Félix ne aka shirya harbawa, ya tsere ranar tafiya, aka kamo Félicette ta maye gurbinsa. Tushen abin yana cikin nahawu. A Faransanci, idan ba a san jinsin dabbar ba, kalmar namiji ake ɗauka. A Hausa kuwa kyanwa da mage duk tamace ne, sai an so fayyacewa ake cewa muzuru. Da Bahaushe ne ya fara ba da labarin, da wannan kuskure bai auku ba. Ko kuma a ce da ya auku ta ɗaya gefen, domin da muzuru aka harba, da rahoton ya ce ta dawo lafiya.

Tambur ba shi da filin wasiƙu, saboda haka abin da aka buga a kansa ya zauna ke nan. Mujalla tana da shi, ko kuma ya kamata a ce tana da shi, kuma a nan ne bambancin yake. Mai karatun da ya ɗauki alƙalami ya rubuta wa edita cewa shekarar da aka buga a shafi kaza ba daidai ba ce, ko sunan da aka ambata na wani ne daban, sau da yawa kallon mai neman laifi ake yi masa. Wannan kallo zalunci ne. A fannin tarihin roka, inda labarin ya ratsa harsuna da dama kafin ya iso ga mai karatu, kuma gwamnatoci suka yi ta ɓoye wani sashe suna kambama wani, wasiƙar gyara tana cikin kayan aikin da aka rubuta tarihin da su. Mujallar da ta rufe wannan ƙofa ta zaɓi kurakuranta su tsufa tare da ita.

Al'adar ta daɗe a wannan fanni. Hugo Gernsback, wanda ya kafa mujallar Amazing Stories a Amurka a 1926, ya riƙa buga wasiƙun masu karatu haɗe da adireshinsu. Masu karatun suka yi ta tsintar kurakuran kimiyya a cikin labaran, suna gardama da marubuta, sannan suka soma rubuta wa juna kai tsaye. Daga cikin marubuta da editocin mujallun Gernsback ne aka samu mafi yawan waɗanda suka kafa ƙungiyar nazarin tafiya tsakanin duniyoyi ta Amurka a birnin New York a 1930, wadda ta koma ƙungiyar roka ta Amurka a 1934. Takwararta ta Ingila, da aka kafa a Liverpool a 1933, tana buga mujallar Spaceflight tun 1956. Mutanen da suka fara da gardama a shafin baya su ne suka zama masu gwada injuna a fili, wasunsu kuma masu adana tarihin abin.

Abin da ke faruwa idan gyara ya makara, labarin Robert Goddard ya isa misali. Ranar 13 ga Janairu 1920, jaridar New York Times ta yi sharhi a kan ɗan littafin da cibiyar Smithsonian ta buga masa, inda ya nuna cewa roka za ta iya kaiwa duniyar wata. Mai sharhin ya yi masa ba'a, yana cewa roka ba za ta yi tafiya a inda babu iska ba tunda ba ta da abin da za ta tokara, har ya ce da alama malamin jami'ar bai san abin da ake koya wa ƴan sakandare ba. Alhali mai sharhin ne bai fahimci Newton ba. Roka ba iska take tokara ba. Hayaƙin da take fesowa baya da ƙarfi shi ke tura ta gaba, kamar yadda bindigar toka ke dukan kafaɗar maharbi idan harsashi ya fita. Goddard ya riga ya gwada haka a cikin bututun da aka zuƙe wa iska tun kafin sharhin, ya kuma sake bayyana shi a mujallar Popular Science a 1924. Ranar 16 ga Maris 1926 ya harba roka ta farko mai aiki da mai na ruwa a Auburn, jihar Massachusetts. Ta yi sama mita goma sha biyu da ƴan kai, cikin daƙiƙa biyu da rabi. Ya rasu a 1945. Jaridar ba ta janye maganarta ba sai ranar 17 ga Yuli 1969, kashegarin tashin Apollo 11, a cikin ƴan layuka masu ɗan raha, bayan shekara 49, mutumin da aka yi wa ba'ar kuma ya shekara 24 a kabari.

Ana yawan kawo wannan gyara a matsayin abin yabo ga jaridar. Akwai abin yabon, amma kaɗan ne. Hausawa na cewa ramin ƙarya ƙurarre ne. A magana ta baka wataƙila haka ne, tunda mai ƙarya yana nan ana iya tsare shi da tambaya. Ƙaryar da aka buga kuwa tana shiga ɗakin ajiya, wani ya kwafa, wani ya fassara, har ta samu jikoki a harsunan da mai ita bai taɓa ji ba.

Wani mai karatun bai jira shekara 49 ba. A watan Oktoba 1923, jaridar Izvestia ta Mosko ta ba da labarin littafin Hermann Oberth da ya fito a Jamus a shekarar, a kan tafiya sararin samaniya da roka, ba tare da ta ambaci cewa wani malamin makaranta a garin Kaluga ya riga ya buga lissafin abin shekara ashirin da suka wuce ba. Malamin shi ne Konstantin Tsiolkovski, kuma maƙalarsa ta fito a 1903 a wata mujallar kimiyya ta Rasha da aka rufe jim kaɗan bayan haka. Ya karanta labarin, abin ya ƙona masa rai, ya sake buga aikinsa a 1924 a ɗan ƙaramin littafi. Abin da ya fi jan hankali shi ne gabatarwar, wadda Aleksandar Cijevski ya rubuta da Jamusanci. Sun gane cewa ba wanda ya sace wa Tsiolkovski komai. Harshen da ya yi rubutu da shi ne masu fannin a Turai ba su karantawa, don haka gyaran ma sai da aka yi shi da harshen waɗanda ake so su ji. A 1929 Oberth ya rubuto masa wasiƙa yana amincewa da matsayinsa. Duk wanda ke rubuta ilimi da Hausa ya san wannan ciwo ba sai an fassara masa ba.

Inda harshe ya fi yin ɓarna shi ne labarin asalin roka a ƙasar Sin. Da wuya a buɗe mujallar da ta kawo taƙaitaccen tarihin roka ba a ga shekarar 1232 ba, lokacin da Mongol suka kewaye birnin Kaifeng, aka ce masu tsaron birnin sun kore su da rokoki. Matsalar tana cikin kalma. A Sinancin yau, roka ita ce huojian, wato huo, wuta, da jian, kibiya. Amma kalmar ta girmi roka da ƙarnuka. Da can tana nufin kibiyar da aka ɗaura wa abin ƙonawa aka harba da baka, daga baya kibiyar da aka ɗaura wa ƙunshin albarushi, har yanzu da baka, sai a ƙarshe ta koma kibiyar da albarushin ne ke tura ta da kansa. Kalma ɗaya ce ta zauna, abin da take nufi yana sauyawa a ƙarƙashinta. Mai fassarar da ya ci karo da ita a tsohon kundi ya ba ta ma'anar yau ya ƙara wa roka ɗaruruwan shekarun da ba nata ba. Game da Kaifeng ɗin ma, abin da kundin ya ambata mashin wuta mai tashi ne, kuma Joseph Needham, a juzu'in da ya keɓe wa albarushi cikin babban aikinsa a kan kimiyyar Sin, wanda ya fito a 1986, ya karkata ga cewa mashi ne da ake riƙewa a hannu yana feso wuta. Wannan bai kore cewa a Sin aka fara roka ba. Littafin Huolongjing na ƙarni na 14 ya siffanta ta ƙarara, ba harshen damo. Abin da ya kore shi ne tabbacin da ake furta 1232 da shi, kamar wani ya ga takardar haihuwa.

Su kansu kalmomin Turai haka suka yi tafiya, kuma abin sha'awa daga ɗakin kaɗi suka fito. Kalmar da Hausa ta aro ta mayar roka ta samo asali ne daga Italiyanci, inda take nufin ɗan kwarkwaron zare, saboda kamar da siffarsu ta yi. Ta Faransanci kuwa, fusée, asalinta zaren da aka naɗe a jikin mazari. Wanda ya tarar da ɗayansu a tsohuwar takarda ya ce ya gano makami, wataƙila kayan wata tsohuwa mai kaɗi ya gano.

Sai kuma Wan Hu, wanda kusan kowace mujallar yara ta taɓa zana shi: wani jami'in Sin da ya ɗaura rokoki 47 a jikin kujera, ya sa bayi 47 suka kunna, aka ji ƙara, hayaƙi ya washe, babu shi babu kujera. Waɗanda suka bi sawun labarin ba su same shi a tsofaffin kundayen Sin ba. Sun same shi a mujallar Scientific American ta 2 ga Oktoba 1909, da sunan Wang Tu, an kuma ce ya rayu wajen shekara 2000 kafin haihuwar Annabi Isa, wato kusan shekara dubu uku kafin a san albarushi. A 1945 Herbert Zim ya kawo shi a littafinsa da sunan Wan Hu, ya matso da shi ƙarni na 16. Kalmar wanhu ma a tarihin Sin sunan muƙami ce, shugaban gida dubu goma. Duk da haka a 1970 aka raɗa wa wani rami a bayan wata suna Wan-Hoo. Labarin da ba a tare shi a shafin mujalla ba ya tafi har inda wasiƙa ba ta zuwa.

Mai karatu zai iya cewa duk waɗannan ƙananan abubuwa ne: sunan kyanwa, shekarar wani yaƙi, tatsuniyar kujera. To, ga wanda ba ƙarami ba.

Daga Maris 1952 zuwa 1954, mujallar Collier's ta Amurka ta buga jerin maƙaloli masu zane-zane na ban mamaki a kan yadda ɗan Adam zai mallaki sararin samaniya. Tauraron jerin shi ne Wernher von Braun, injiniyan Jamus da Amurka ta ɗauke bayan yaƙin duniya na biyu. Mujallu a Amurka da Turai suka yi ta gabatar da shi a matsayin mai mafarkin zuwa wata wanda yaƙi ya ratsa masa hanya. Sukan ambaci cewa shi ya jagoranci ƙirar V-2, rokar da Jamus ta harba fiye da 3,000 a kan London da Anvers da wasu wurare tun daga Satumba 1944. Abin da ba su ambata shi ne hannun da ya haɗa ta. Bayan jiragen Ingila sun yi ruwan bama-bamai a Peenemünde a watan Agusta 1943, aka mayar da aikin cikin ramukan wani dutse kusa da Nordhausen, aka kawo fursunoni daga sansanin Buchenwald su yi haƙa su yi ƙira. Sansanin shi ne Dora. Kimanin mutum 60,000 suka ratsa ta cikinsa da rassansa, kimanin 20,000 suka mutu da yunwa da cuta da duka da rataya. Waɗanda suka mutu wajen ƙera V-2 sun fi waɗanda ta kashe a inda ta faɗa. Von Braun ɗan jam'iyyar Nazi ne, hafsa a rundunar SS, kuma ya shiga ramukan ba sau ɗaya ba.

A irin waɗannan maƙaloli da wuya a nuna jimla ɗaya a ce ƙarya ce. Nahawu ne ya yi aikin. Turanci da Faransanci suna da siffar aikatau da ke ba da damar a faɗi aiki a bar aikau, Hausa kuma tana da nata lamirin, an da aka da ake. An ƙera rokoki dubbai a ƙarƙashin dutse: jimla ce ingantacciya, ba inda ta karya ƙa'ida, ta kuma haɗiye mutum dubu ashirin. Har sunan makamin zaɓi ne. Injiniyoyin suna ce masa A-4, lamba kawai, ma'aikatar farfaganda kuma ta ce masa V-2, makamin ramuwar gayya na biyu. Marubucin da ke son a ga kimiyya zalla yakan ɗauki na farkon.

Waɗanda suka tayar da maganar masu karatu ne, kuma masu karatu na musamman, domin suna cikin ramin. Faransawa da yawa ƴan gwagwarmaya an kai su Dora, waɗanda suka tsira kuma suka kafa ƙungiya. A tsakiyar shekarun 1960, ganin yadda ake ta kambama von Braun, suka kai ƙorafinsu ga mujallar Paris Match, har ya zama dole ya rubuta amsa a 1966. Abin bai sauya labarin nan take ba, tunda bayan shekara uku rokar Saturn V da ya jagoranta ta kai mutane wata, duniya kuma ta shagala da tafi. Amma ƙorafin ya shiga rubuce. Jean Michel ya fitar da littafinsa a kan Dora a 1975, André Sellier, shi ma tsohon fursuna, ya fitar da cikakken tarihin sansanin a 1998. A tsakani, a 1984, Arthur Rudolph, wanda ya kula da ƙira a ramukan kafin ya zama babba a aikin Saturn V, ya bar Amurka ya ajiye takardar zama ɗan ƙasa bayan hukuma ta binciki abin da ya yi. Yau mujalla mai mutunci ba ta iya rubuta tarihin V-2 ta tsallake Dora. Wannan wajibi ba editoci ne suka ɗora wa kansu shi ba.

Sai dai adalci ya sa a faɗi cewa wasiƙar mai karatu ba wahayi ba ce. A watan Oktoba 1927, jaridar El Comercio ta Lima ta buga wasiƙar wani injiniya kuma jami'in diflomasiyyar Peru, Pedro Paulet, wanda ya ga ana ta labarin masu gwajin roka na Jamus ya rubuto cewa shi ya riga su, domin tun wajen 1895, yana ɗalibi a Paris, ya ƙera injin roka mai aiki da mai na ruwa. Marubutan Jamus na lokacin suka ɗauki maganar suka sa a littattafansu, daga nan ta bazu. Yau hotonsa yana kan takardar kuɗin Peru, an kuma sa wa wata rokar gwaji ta ƙasar sunansa. Masana tarihin fannin da suka nemi shaida daga shekarun 1890, ko zane, ko rahoton gwaji, ko mai shaida da ido, sun tarar da abin da ake da shi shi ne wasiƙar kanta, wadda aka rubuta bayan shekara talatin. Mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Amma wasiƙar da ta zo a matsayin gyara ta zama sabon abin da ke bukatar gyara, saboda wanda ya buga ta bai tambaye shi hujja ba.

Ke nan nauyin biyu ne. Editan da ya ƙi buga gyara ya yi laifi, wanda ya buga kowane gyara ba tambaya ma ya yi. Abin da ya raba wasiƙar fursunonin Dora da ta Paulet ba zafin rai ba ne, kowannensu yana da shi. Na farkon suna da dubban shaidu da takardun sansani da shari'ar da aka yi a 1947. Wasiƙa mai amfani ita ce wadda ta nuna shafi da layi, ta faɗi abin da ya kamata a ce, ta kawo madogarar da ta fi kusa da lokacin da abin ya faru, ba wadda ta fi yawa a kasuwa ba. Madogara goma da suka kwafi juna madogara ɗaya ce. Ɗalibin da ya taɓa bin sawun wata kalma daga ƙamus zuwa ƙamus har ya tarar duka daga Bargery suka ɗauko ya san wannan.

Ƙasar Hausa ba baƙuwa ba ce a wannan tarihi. A farkon shekarun 1960 akwai tashar bin sawun kumbunan Amurka a Kano, ɗaya daga cikin jerin tashoshin da suka kewaye duniya domin shirin Mercury. Mamman Shata ya yi wa Apollo 11 waƙa. Ciwon idon da ya ɓulla a Gana a 1969 ya bazu a Afirka ta Yamma har yau apolo ake ce masa, saboda zuwansa ya dace da saukar mutane a wata. Harshen ya karɓi abin da hannu biyu, ya ɗauki kumbo, mazubin abinci, ya faɗaɗa ma'anarsa, ya ƙirƙiro tauraron ɗan Adam da makami mai linzami. Ƙirƙira ce mai kyau. Amma ba ta kai ga rarrabe abubuwan da tarihin ke bukatar a rarrabe ba, kuma ta nan kuskure zai riƙa shigowa.

A duba Apollo 11 ɗin. Abin da ya tashi daga Florida ranar 16 ga Yuli 1969 roka ce mai tsawon mita 110, Saturn V, wadda sassanta suka yi ta faɗuwa a hanya. Abin da ya kewaya wata wani ɗaki ne, Columbia, Michael Collins yana ciki. Abin da ya sauka wani ne daban, Eagle, ɗauke da Neil Armstrong da Buzz Aldrin. Idan Hausa ta kira ukun kumbo, mai fassara zai rubuta cewa kumbon Apollo 11 ya sauka a wata da mutum uku, kuma ba zai ji ya yi kuskure ba, tunda harshen bai tsayar da shi ba. Haka R-7 ta Tarayyar Sobiyet: ita ce makami mai linzami na farko mai ƙetare nahiyoyi, ita ce kuma ta ɗauki Sputnik ranar 4 ga Oktoba 1957, wani samfurinta ya ɗauki Yuri Gagarin ranar 12 ga Afrilu 1961. Wanda ya ce mata roka kawai ya ɓoye rabin labarin, wanda ya ce makami ya ɓoye ɗaya rabin. Ga kuma matsalar iyaka. Marubucin Maraɗi ko Damagaram daga Faransanci yake fassarawa, na Kano ko Zariya daga Turanci, masu karatunsu kuma ɗaya ne. Abin da ake kira miliyar a nan shi ne biliyan a can, alhali billion a Faransanci ya ninka na Turanci sau dubu. Ƙafa 41 da rokar Goddard ta yi sama, idan hankali ya gushe, sai ta zama mita 41, an ninka ta fiye da uku ba wanda ya lura.

A harshen da ke da mujallu ɗari, kuskuren ɗaya yana cin karo da daidan wata. A Hausa, maƙala ɗaya a kan Tsiolkovski ko Dora tana iya zama ita kaɗai ce a fagen har shekara goma, malamin makaranta ya koyar da ita, mai shirin rediyo ya karanta ta, wani ya kwafe ta a littafin ɗalibai. Inda rubutun ya yi ƙaranci, nan ne gyara ya fi tsada, kuma nan ne aka fi jin nauyin yin sa, saboda marubutan sun san juna, wanda za a gyara wa ɗin sau da yawa malami ne ko yaya a fagen. Kunya dabi'a ce mai kyau a zaure. A shafi kuwa ita ce ke barin Félix a kan tambur. Gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba, kuma Gaskiya Ta Fi Kwabo, tun daga 1939 a hannun Abubakar Imam, ta nuna cewa masu karatun Hausa suna rubuto wasiƙa idan an ba su fili.

Abin da ake bukata daga mujallun Hausa, na jami'a da na waje, bai fi rabin shafi ba a kowace fitowa, a wuri sananne, ba a ƙasan talla ba. A buga wasiƙar da sunan mai ita, a ba marubucin damar amsawa a ƙarƙashinta, idan ya amince ya ce ya amince, idan yana da hujja ya kawo. Gyaran kuma ya ambaci lamba da shafin da kuskuren ya fito, domin wanda ya ɗauko tsohuwar fitowar a laburare bayan shekaru ya iya haɗa su. Ɗaliban ilimin harshe su ne suka fi cancanta su buɗe filin, tunda su aka koya wa tambayar daga wane harshe jimla ta fito, da wace ma'ana kalma take da ita a shekarar da aka rubuta ta, da wane ne aka ɓoye a bayan an.

Ita dai Félicette, bayan wata biyu da dawowarta aka kashe ta domin a binciki ƙwaƙwalwarta. A 2017 wasu masu sha'awar tarihin suka tara kuɗi, a watan Disamba 2019 aka kafa mata mutum-mutumin tagulla a jami'ar nazarin sararin samaniya, kusa da Strasbourg, da sunanta na gaskiya. Ta biyun da aka harba ranar 24 ga Oktoba 1963, kwana shida bayan ta farkon, rokar ta lalace ta mutu a ciki, kuma ita ba a raɗa mata suna ba.